Injiniya Ba Ya Bukatar Furofesa

Duk wanda ya taɓa zama a layin nan ya san Injiniya, in bai san fuskarsa ba ya san muryarsa. Ba wata makaranta ce ta ba shi sunan ba. Shi ya raɗa wa kansa ranar da ya hura wa wata waya iska a ramin caji ta kama aiki. Sana'arsa ta gaskiya manna gilashi a fuskar waya, a wani ɗan teburi da ke ƙasan benen da suke haya, tsakanin shagon Tela da rumfar Mai Walda. Gilashin ma sai an taki sa'a yake mannuwa babu kumfa. Amma in ya buɗe baki, wallahi sai ka rantse da shi aka yi shawara kafin a ƙera jirgin sama.

A saman benen yake zaune tare da mahaifiyarsu, Umma, da ƙanwarsa Auta. Ita Auta a kantin magani take aiki, mace ce mai shiru-shiru, abu ɗaya ne kawai yake tayar mata da jini: tseren mota a kwamfuta. Tana da sitiyari da feda da ta ɗaure a jikin teburinta, da wata tsohuwar kwamfuta mai tari in an kunna ta. Da wannan tsohuwar ta shekara guda cur tana fafatawa a wata gasa ta intanet, tana kayar da maza da mata, har ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Ranar Asabar za a yi shi, ƙarfe huɗu na yamma. Dokar gasar kuwa ba ta da kunya: duk wanda huɗu ta buga motarsa ba ta kan layi, an cire shi, sai baɗi.

Kuskure ɗaya Auta ta yi. Ranar Lahadi tana haɗa jaka, domin wurin aikinsu ya tura ta kwas na kwana shida, sai ta ce wa Umma kwamfutar tana ɗan sarƙewa in an zo babbar kwana. Ashe Injiniya yana bakin ƙofa yana saka takalmi.

"Sarƙewa?" ya leƙo. "A gidan da nake kwana nake tashi?"

"Yaya, don girman Allah kar ka taɓa min ita. Ko ƙura ka gani a kai, bar ta."

"Ni? Me zan yi da wannan gyatumar? Ko kallonta ba na yi."

"Umma, kin ji shi ko? Ki zama shaida."

"Na ji shi," in ji Umma. "Jin nasa ne ma ya sa gabana faɗuwa."

Ƙafar Auta ba ta gama barin layin ba Injiniya ya sauko ya tsaya tsakanin Tela da Mai Walda, ya buga ƙirji. Ya ce kafin Asabar zai haɗa wa ƙanwarsa kwamfutar wasa da hannunsa, tun daga tushe, irin wadda in ta shiga tsere sauran 'yan gasa za su ajiye sitiyari su tafi gida. Tela ya cire allura daga bakinsa ya tambaye shi ko ya taɓa buɗe cikin kwamfuta.

"Cikin waya da cikin kwamfuta ai duk ciki ne," in ji Injiniya.

"To cikin wayar ka taɓa buɗewa?"

"Kai dai ɗinka wandonka."

Washegari ya sayar da babur ɗinsa, ya kalli bidiyo uku na haɗa kwamfuta, kowanne rabi-rabi, domin a cewarsa masu bayanin sun cika surutu. Kalma ɗaya ya fito da ita, modabod, wato babban allon da ake dasa duk sauran kayan a kansa. Nan take ya yi mata suna da Hausa, ya ce uwar allo. Da wannan ilimin ya doshi shagon kayan kwamfuta da ke bayan tashar bas.

Mai Shago mace ce da ta shekara goma sha biyar tana haɗa kwamfuta, ga haƙuri, ga ƙarancin magana. Ta tambaye shi wane irin wasa za a yi, da girman akwatin da za a saka kayan.

"Bar waɗannan tambayoyin, 'yar'uwa. Ɗauko min uwar allo."

"Uwar me?"

"Modabod, in ji masu ƙaramin sani. Ba ni wadda ta fi kowace girma. Uwa ai ba a son ƙarama."

Ta ɗauko masa wata ƙatuwa a kwali mai hoton dodo yana fesa wuta. Da ta buɗe, Injiniya ya kusa yin kuka don daɗi. Baƙa ce wuluk, an lulluɓe ta da sulken ƙarfe, ga fitilu a gefe, ga wasu ƙahoni biyu na kamo intanet. Mai Shago ta soma nuna masa: nan ake soke katin hoto, nan ma'ajiyar bayanai take kwanciya, wannan 'yar jar fitilar kuma ita ke gaya maka in wani abu bai zauna daidai ba. Bai ji ko ɗaya ba. Idonsa ya riga ya faɗa kan wasu 'yan sanduna masu walƙiya a cikin gilashi.

"Waɗancan fa?"

"Ram ke nan. Wasu suna ce masa ƙwaƙwalwar wucin gadi, saboda..."

"Ƙwaƙwalwa! Ramuka nawa ne a jikin uwar?"

"Huɗu. Amma biyu sun ishe ka."

"Ba ni huɗu. Mutum da ƙwaƙwalwa ɗaya ma ga abin da yake yi, bare huɗu."

Ya zaɓi katin hoto saboda nauyinsa, ya zaɓi akwatin wuta, mai raba wa kayan lantarki, saboda an rubuta lamba mai yawa a jiki, ya ɗauki na'urar sanyaya da ɗan bututun man da ake shafawa a ƙasanta. Akwatin waje kuwa ya ce yana da shi a gida. Mai Shago ta jera kayan ta dube su, ta ga babu abu mafi muhimmanci, wato ɗan ƙaramin guntun nan da ke yin duk lissafin kwamfuta.

"Furosesa fa? Kana da shi?"

Injiniya ya ja da baya, ya sha mur. Shi abin da kunnensa ya ji daban.

"Furofesa? Ni za ki haɗa da furofesa? 'Yar'uwa, ni Injiniya ne. Ba na bukatar wani furofesa ya tsaya a kaina. In ma akwai shi, shi zai zo wurina da littafinsa."

Ta yi dariya, ta ɗauka barkwanci yake yi. "Ina nufin wanda zai zauna a nan," ta nuna wani baƙin murfin roba mai kusurwa huɗu a tsakiyar allon.

"Na sani mana! Duk an tanada. Ke dai ki zo Asabar ƙarfe uku ki ga aiki, ƙila ki ƙaru."

Ta ce za ta zo. Ita so take ta ga wane irin furosesa ne mutumin nan ya ɓoye a gida.

Yana isa gida ya shiga ɗakin Auta da sukundireba. Umma ta tsaya a ƙofa tana tafa hannu tana cewa amana ce, shi kuwa yana cewa amanar yake gyarawa. Cikin rabin awa ya yashe cikin tsohuwar kwamfutar tas, ya bar ƙwaryar akwatin. Ma'ajiyar da wasan yake ciki kawai ya ware gefe. Sauran kayan ya sauko da su ƙasa yana rabo kamar mai sadaka. Wani dunƙulen ƙarfe mai haƙora-haƙora da ke ɗauke zafi ya ba Tela ya riƙa danne yadi. 'Yar fankar da ke kansa ya ba Mai Walda, shi kuma ya maƙala ta a cikin hular waldarsa wai ta riƙa shafa masa iska. Tsohon allon kuwa, da duk abin da ke dashe a jikinsa, ya rataye shi da ƙusa a saman teburinsa, ya rubuta INJINIYA a takarda ya liƙa a ƙasa.

Sai aka zo saka sabuwar uwa a tsohon akwati, uwa ta ce ba ta san zancen ba. Ya juya ta tsaye, ya juya ta kwance, ya karkata ta. Ko ta ina sai kusan tafin hannu guda ya yi saura a waje.

"Ba ta shiga ba?" in ji Tela daga kan kekensa.

"Akwatin ne ya tsuke."

"Ikon Allah. Wanke shi aka yi?"

Mai Walda ne ya kawo agaji. Ya yanke bayan akwatin, ya ƙara masa ciki da ƙofar wata tsohuwar firij, ya yi masa ƙafafu huɗu da rodi. Injiniya ya ce yana son iska ta wadata, sai ya hau sama da kansa ya ɗauko fankar tsaye ta ɗakin Umma, ya cire mata wuya, aka dasa kanta a gefen akwatin aka bi da walda. Umma ta dawo daga kasuwa ta tarar da sandar fanka tsaye babu kai.

"Ina kan fankata?"

"Ya samu ƙarin girma, Umma."

"Allah ya shirye ka. Zafin nan kai za ka riƙa yi min fifita?"

"Ni da fifita? Umma, hannun nan na fasaha ne."

Ku riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.

Ranar Juma'a ya zauna haɗawa. Gaskiya ba zan zalunce shi ba, ya yi ƙoƙari. Sandunan nan huɗu sun shiga ramukansu bayan ya juya kowanne sau uku. Katin hoto ya zauna. Wayoyi kuwa duk ramin da ya karɓi waya ya ba shi. Da ya zo kan baƙin murfin robar nan na tsakiya, sai ya tuna a bidiyo ya ga ana ɗiga man sanyaya a daidai wurin. Mai bidiyon ɗigo ɗaya ya saka. Injiniya ya ce wannan rowa ce, ya matse bututun gaba ɗaya, ya baje shi da cokali kamar mai shafa bota a burodi, ya kawo na'urar sanyaya ya ɗora ya ɗaure tam.

Ya danna maɓalli. Jama'a, sai ga haske! Ja, kore, shuɗi, suna bin juna a jikin uwar allo, sandunan ƙwaƙwalwa suna walƙiya, fankar Umma tana ruri. A can gefe 'yar jar fitilar nan ta kama ta tsaya cak, ba ta ƙiftawa. Injiniya ya dube ta ya gyaɗa kai, ya ce alamar ƙarfi ya cika ke nan. Bai ma haɗa ta da allon kallo ba. Ya yi maza ya kashe, wai kada ƙarfin ya ragu kafin gobe. Ya rufe ƙofar firij ɗin, ya ɗauko kwaɗon da yake kulle babur da shi a da, ya datse.

Asabar tun hantsi ya hana layin sakat. Ya jera kujeru a gaban benen, ya sauko da talabijin ɗin Umma da teburin Auta mai sitiyari, ya jawo wayar wuta daga shagon Tela. Kwamfutar kuwa mutum uku suka kinkimo ta, aka lulluɓe ta da yadin labulen wani kwastoman Tela. Kafin uku saura kwata wurin ya cika. Mai Shago ta zo da 'yar jakar kayan aikinta ta zauna a gefe. Injiniya yana tsakiyar bayanin yadda ƙahonin nan biyu suke jawo intanet tun daga sama ta bakwai, sai ga Auta ta sauko daga tasi da jakarta.

Ta dubi taron, ta dubi sitiyarinta a tsakiyar titi, ta dubi abin da aka lulluɓe.

"Yaya, ina kwamfutata?"

"Ta haihu, Auta. Ga 'yar."

"Umma?"

"Ni shaida kika ce in zama," in ji Umma, "kuma na shaida."

Injiniya bai bari ta sake magana ba. Ya danna maɓalli tun kafin ya yaye labulen, don a ga haske ta cikin yadi. Fankar Umma ta tashi da ƙarfinta, ta zuƙe gefen labulen, ta nannaɗe shi, ta soma taunawa. Tela ya yi tsalle ya dire yana ihu.

"Labulen mutane! Wayyo, gobe za a karɓa!"

Aka kashe, aka zaro labulen ya koma igiya-igiya. Injiniya ya ce wannan ya nuna ƙarfin zuƙa, a tafa. Wasu suka tafa don mugunta. Ya sake kunnawa, fitilu suka kama rawa, jama'a suka ce kai! Kowa ya juya ga talabijin. Talabijin ta yi shuɗi, ta rubuta babu sigina.

"Tana tunani ne," in ji Injiniya. "Ƙwaƙwalwa huɗu sai sun yi shawara."

Minti biyu suka wuce. Ya cire wayar talabijin ya hura mata iska ya mayar, dabarar da ta ba shi suna, amma yau ba ta san shi ba. Ya ce wayoyin jama'a ne suke tare hanya, kowa ya kashe tasa. Ya ɗaga ƙaho ɗaya sama, ya kwantar da ɗaya. Ya ɗan mari akwatin a gefe, ƙahon da ya ɗaga ya faɗo ƙasa.

"In kawo guduma?" in ji Mai Walda, da zuciya ɗaya.

Gumi ya karyo wa Injiniya. Auta ta dubi agogon hannunta, uku da minti goma. Sai Mai Shago ta miƙe ta leƙa ta wata 'yar kafa da walda ba ta rufe ba.

"Jar fitilar nan tun yaushe take kunne?"

"Tun jiya. Ƙarfi ne ya cika."

"Buɗe min in gani."

Ya laluba aljihun dama, ya laluba na hagu. Sai a lokacin ya tuna makullin kwaɗon yana haɗe da makullin babur, babur kuwa yana can wurin wanda ya saya tun Litinin. Mai Walda bai jira umarni ba, ya kawo abin yanka ya datse kwaɗon. Mai Shago ta kashe wuta, ta kwance na'urar sanyaya ta ɗaga. Farin mai ya biyo ta yana dalala. Ta sa yatsa ta share, sai ga baƙin murfin roba yana nan yadda ya fito daga kwali. Ta ɓalle shi ta ɗaga sama. Ƙarƙashinsa wayam, rami ne mai kusurwa huɗu babu kowa a ciki.

"Malam Injiniya, ina furosesan?"

"Haba 'yar'uwa, sau nawa zan gaya miki? Na ce ba na bukatar furofesa!"

Mai Shago ta tsaya da murfin a hannu, baki sake. Sai yanzu ta gane ranar nan ba wasa yake yi ba.

"Ba furofesa na makaranta ba. Fu-ro-se-sa. Ɗan guntun da ke zama a ramin nan. Shi ne ƙwaƙwalwar kwamfuta, shi yake yin komai."

"Ƙwaƙwalwa huɗu na saka! Ga su nan suna haske!"

"Waɗannan tebura ne da yake baje aikinsa a kai. Ka sayi tebura huɗu, ka share ofis, ka kunna fitilu, ba ka ɗauki ma'aikaci ba."

Sai Umma ta gyara zama ta ce, ba da ƙarfi ba, amma har na bayan layi ya ji: "To ai ba ta ɓata ba. Ta biyo mai ita. Ga haske, ga ƙara, ga iska, ciki babu kowa."

Dariyar da aka yi ranar har masu jiran bas sai da suka waiwayo. Tela ya manta da labulensa, ya riƙe ciki ya zauna a ƙasa. Injiniya ya buɗe baki zai ce ai sabon salo ne, irin wanda bai iso nan ba tukuna. Sai idonsa ya faɗa kan Auta. Ita ba ta dariya. Tana tsaye riƙe da sitiyarinta, hawaye suna zuba shiru.

"Yaya," ta ce, "shekara guda fa."

Maganar ta shige shi fiye da duk dariyar. Kunya ta rufe shi. Da ƙyar ya juya ga Mai Shago ya tambaye ta, cikin ƙaramar murya, ko tana da abin nan a shago.

"Wanda zai shiga wannan ramin sai an aiko, mako biyu. Ina kayan cikin tsohuwar?"

Injiniya ya ɗaga yatsa a hankali ya nuna saman teburinsa. Ga tsohon allon can yana lilo a ƙusa, da takardar INJINIYA a ƙasansa.

"Sauko da shi! Ƙarfen da ke kansa fa?"

"Yana kan yadina," in ji Tela, ya ruga.

"Fankarsa?"

Mai Walda ya cire hularsa ya leƙa ciki, ya zaro wani abu da ya narke ya dunƙule. "Ta yi aiki kwana biyu," ya ce, "Allah ya ba ta lada."

Babu lokacin zagi. Uku da rabi ta gota. Mai Shago ta kife kwalin sabuwar uwar allo a kan teburi, ta kwantar da tsohon allon a kai tsirara. Ta lakato man da Injiniya ya yi ambaliya da shi, ɗigo ɗaya, ta ɗora ƙarfen Tela bayan ta hure zare daga haƙoransa. Ta ciro ma'ajiyar wasan, da sabon katin hoto, da sabon akwatin wuta, duk ta jona. Fankar sabuwar na'urar ta ƙi hawa tsohon ƙarfen, ta Umma kuwa walda ta riƙe ta har abada, ga labule a haƙoranta. Da yake babu maɓalli, Mai Shago ta taɓa wasu 'yan ƙusoshi biyu a jikin allon da bakin sukundireba don ta kunna shi. Talabijin ta yi baƙi, ta yi fari, sai ga tambarin wasan. Huɗu saura minti shida.

"Saura abu ɗaya," in ji ta. "Kun ga lambar can a kusurwa? Zafin furosesa ke nan. In ta haura casa'in, mota za ta soma sarƙewa. Sai an samu mai fifita har a gama."

Sai kawai aka juya kai, gaba ɗaya, wuri ɗaya. Umma ta yage murfin kwalin, mai hoton dodon nan, ta miƙa wa ɗanta.

"Ungo, hannun fasaha."

Huɗu daidai motar Auta tana kan layi. Zagaye ashirin ne, motoci goma sha biyu, uku na farko su ne za su wuce. Aka saki tuta, Auta ta taka feda, Injiniya ya durƙusa gefen teburi yana kaɗa kwali. Hoton ya fito tar, santsi kamar ba tsohuwar ba, saboda sabon katin. A zagaye na huɗu Auta ta wuce mota biyu a jere, jama'a suka yi sowa. Nan fa tsohon hali ya motsa. Injiniya ya ɗago kai.

"Kun ga katin nan? Ni na zaɓe shi. Da na ɗaga shi na ji nauyinsa, sai na ce..."

Ashe bakinsa da hannunsa ba sa aiki tare. Yana soma magana kwalin ya tsaya. Lamba ta haura, tamanin da takwas, casa'in da ɗaya. Motar ta yi tsalle a kwana ta goge bango, uku suka wuce ta.

"Yaya!"

"Fifita!" in ji layin gaba ɗaya.

Ya kama kaɗawa kamar zai tashi sama. Daga nan Tela ya ɗauki aikin gadi, ya tsaya a kansa da sandar awo. Da ya ga leɓen Injiniya ya motsa sai ya nuna masa lambar. Minti arba'in bawan Allah nan bai ce uffan ba, abin da ko a barci Umma ta ce bai taɓa yi ba. Hannun dama ya mutu ya koma hagu, hagu ya mutu ya haɗa biyu. Rigarsa ta jiƙe sharkaf. Mai Walda ya ce a ba shi ya karɓe shi, Injiniya ya girgiza kai, bai saki kwalin ba.

Aka shiga zagayen ƙarshe Auta tana ta huɗu. Gaba gare ta wata jar mota ce da ta tare hanya tun zagaye na sha bakwai, kuma saura babbar kwanar nan, wadda tsohuwar ta saba sarƙewa a kai. Lamba tana tamanin da tara. Injiniya ya dubi lambar, ya dubi ƙanwarsa ta cije leɓe, ya miƙe a kan gwiwoyinsa ya zuba duk abin da ya rage masa a kwalin nan, har da hurawa da baki. Tamanin da bakwai. Tamanin da biyar. Auta ta shige ta ciki, ta matse jar motar, ta fito gabanta da tsawon taya ɗaya.

Ta uku!

Layin ya kaure. Umma ta rungume Auta, Tela yana rawa da ragowar labule, Mai Shago tana murmushi tana mayar da sukundirebanta jaka. Injiniya kuwa ya zube a ƙasa warwas. Aka yayyafa masa ruwa. Ya buɗe ido ɗaya, ya ga jama'a sun kewaye shi, sai ya ji ƙarfi ya ɗan dawo.

"Kun dai gani," ya ce da dasasshiyar murya. "Wannan tsarin sanyayawar, ni na ƙirƙiro shi. Babu shi a ko'ina."

"Sannu, Malam Fanka," in ji Tela. Sunan kuwa ya zauna daram, har yau ba wanda ya sake ce masa Injiniya.

Mai Shago ta ce wa Auta ta biyo ta shago gobe, tana da 'yar fanka da za ta hau ƙarfen nan daidai, minti biyar an ɗaura. Injiniya ya yi ajiyar zuciya, ya ce Allah ya yi mata albarka.

Auta ta sunkuya ta ɗauki murfin kwalin daga ƙasa, ta kaɗe masa ƙura, ta miƙar da gefen da ya lanƙwashe, ta ɗora wa yayanta a ƙirji.

"A'a, Anti, bar fankarki, ina da tawa," ta ce. "Yaya, adana shi da kyau. Wasan ƙarshe Asabar mai zuwa ne, kuma zagaye sittin ne."